Daga Ƙoƙon Goge Zuwa Akwatin Kwamfuta: Tarihin Ɗaukar Kiɗa a Hanyar Ƙonni

A Tsarnawa, gabas kaɗan da Birnin Ƙonni, kwalta ta rabu biyu. Wadda ta miƙe gabas ta ratsa Malbaza da Galmi ta nufi Madawa da Maraɗi. Wadda ta karya arewa ta bi ta Badagishiri, cikin gundumar Illela, ta kai Tawa, daga can ta zarce Abalak da Agadas. Mai mota da ya taso daga arewa da niyyar Sakkwato, nan zai gangaro, ya shiga Ƙonni, ya ƙetare iyaka zuwa ɗaya Illelar ta Najeriya, ya ƙarasa sauran tafiyar da ba ta cika kilomita 100 ba. An san hanyar da albasar Galmi da simintin Malbaza da dabbobin da ake korawa kudu. Amma kiɗa ma ya daɗe yana bin ta. Ya bi ta a bakin maroƙa, ya bi ta a kaset, daga baya ya bi ta cikin memorin salula.

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine mai suna Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yau da Mdou Moctar, ya shiga wani situdiyo a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar. Ɗan jihar Tawa ne, daga yankin Azawak, wajen Cintabaradan da Abalak. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke, domin ya fito daga gida mai riƙon addini inda ba a maraba da kiɗa. Abin da ya kai mai jitar Azawak har birnin Shehu yana cikin tarihin wata sana'a da ba a cika ba da labarinta ba, wato sana'ar ɗaukar sauti.

Kafin zuwan na'ura, makaɗi da 'yan amshinsa su ne rumbun waƙa. In sun mutu, abin da ya rage shi ne abin da yara suka haddace. Masu ƙera kayan kiɗa na wancan zamani kuwa sun san wani abu da injiniyoyin yau suke auna shi da lissafi: tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. Izgar doki da aka ɗaure a sanda sai dai ta yi ɗan zuu a kunnen mai gogawa. Ƙoƙon da aka rufe da fatar guza shi ke ba goge muryarsa, kuma girman ƙoƙon da kaurin fatar da yadda aka ɗame ta su ke sa a bambance gogen wane da na wane tun daga nesa.

Rediyo ce ta fara ajiye waɗannan muryoyi da yawa. An buɗe rediyon Nijar a Yamai a 1958, wadda daga baya ta zama Muryar Sahel, aka buɗe ta Kaduna a 1962. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba ta tare iska ba. Ba'adare a Illela ko Badagishiri yana jin Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Mamman Shata kamar yadda Basakkwace ke jin Mamman Gawo Filinge. Sai dai na'urar ɗauka tana hannun gwamnati ko hannun kamfanonin faifai irin EMI, kuma makaɗin ƙauye bai isa ya ce yau zai ɗauki waƙarsa ba sai an kira shi. Ko Mamman Sani Abdoulaye, wanda ya shigo da kiɗan organ ɗin lantarki Nijar, a gidan rediyon ƙasa ya ɗauki kundinsa a 1978. Kwafi kaɗan aka buga a kaset, sai kiɗan ya zama abin da ake sakawa tsakanin shirye-shirye, mutane suka saba da shi shekara da shekaru, da yawansu ba tare da sanin mai shi ba.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya sassauta wannan riƙo. Da ya cika kasuwanni a shekarun 1970 da 1980, rakoda mai batir ta wadatar. A ajiye ta gaban makaɗi a dandali, a danna jan maɓalli, gobe mai shagon kaset ya kwafa wa duk mai so. Garin iyaka irin Ƙonni, inda ake canjin sefa da naira a bakin titi, wuri ne da kaset ɗin Kano da na Yamai suke haɗuwa a teburi ɗaya. A ɓangaren gwamnati, an ƙirƙiro gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu a 1987, aka raɗa mata sunan mawaƙin nan na Tawa, ta kuma fito da ƙungiyoyi masu jita da ganga daga jihohi. Duk da haka, wanda ke son kundi mai tsabta sai ya dangana da waje. Niamey Twice, kundin Sa'adu Bori na Maraɗi da Moussa Poussy, kamfanin Stern's na Landan ne ya fitar da shi a 1994.

Jitar da ta fi tasiri a jihar Tawa daga arewa ta sauko. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobin Abzinawa, samari suka bazama Aljeriya da Libiya neman abin yi. A can aka haifi salon da ake kira kiɗan ishumar, na Tinariwen a ɓangaren Mali da na Abdallah Oumbadougou a ɓangaren Nijar. Bayan rikicin da aka yi a Cintabaradan cikin watan Mayu na 1990, tawayen Abzinawa ya ɓarke, waƙoƙin nan suka zama saƙo, ana ɗaukar su a rakoda cikin ɗaki ko a jeji, ana miƙa kaset hannu da hannu a ɓoye. Da aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilun 1995, jita ta fito fili, ta shiga gidajen biki da suna da tarukan siyasa. Mdou Moctar ya sha faɗin cewa ganin wasan Abdallah Oumbadougou ne ya sa masa son jita.

Wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan biki ya san muryar. Ƙaramar amfilifaya ce, sau da yawa ta hannu, tana cin wuta daga batirin mota ko ƙaramin janareto, an murɗa ta har ƙarshe domin a ji ta a filin da babu bango. Lasifikar ta sha ƙura da zafi, takardarta ta gaji, don haka sautin yana fita da ƙaiƙayi da tsatsa. Talauci ne ya kawo wannan murya, amma kunne ya saba da ita har ta zama ado, makaɗa suka koyi wasa da ita da gangan. Lokacin da kamfanin Sublime Frequencies na Amurka ya fitar da Guitars from Agadez na ƙungiyar Inerane a 2007, wannan tsatsar ce ta fara kama masu sauraro a ƙetare.

A daidai shekarun da jita ke fitowa daga ɓoye a arewa, Kano tana gina wata masana'anta daban. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990, finafinan bidiyo na Hausa suka yawaita, kowane fim kuma yana bukatar waƙa. Situdiyo irin na Iyan-Tama suka shigo da fiyanon Yamaha samfurin PSR, mai ɗauke da ganga da sarewa da algaitar roba duk a cikin akwati ɗaya. Waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, a ƙarshen shekarun 1990, ta nuna wa kowa cewa mutum ɗaya da fiyano ɗaya zai iya yin aikin ƙungiya. Kwamfuta ta biyo baya da manhajoji irin Cubase da FruityLoops, wadda aka sake wa suna FL Studio a 2003, sai kuma Auto-Tune, manhajar gyaran murya da kamfanin Antares ya fitar a 1997. An yi ta ne don ta ɓoye kuskuren mawaƙi, amma situdiyon Hausa suka murɗa ta har ta fito fili, muryar ta riƙa karkarwa kamar ta ƙarfe, masu sauraro kuma suka so ta haka. 'Yan Nijar sun shiga wannan kasuwa tun da wuri. Fati Nijar daga Maraɗi ta zo Kano ta yi suna. Salon ya yaɗu zuwa Kaduna da Jos da Gusau da Sakkwato, inda ɗaki ɗaya da kwamfuta da fiyano da makirfo suka isa a kira wuri situdiyo.

Irin wannan ɗaki Mdou Moctar ya shiga a 2008. Injiniyan Hausa ya yi masa abin da ya iya: gangar inji a ƙasa, jita a tsakiya, murya cikin harshen Tamashek an shafe ta da Auto-Tune a sama. Ba a taɓa jin kiɗan ishumar da wannan riga ba. Anar bai fita kasuwa a matsayin faifai ba sai 2014, amma bai jira faifai ba. Salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, ƙananan wayoyin Sin masu memori da bulutut suka biyo, waƙa ta koma abin da ake tura wa aboki a tashar mota ko a majalisar shayi. Ta haka waƙarsa Tahoultine ta ƙetare Nijar ta isa arewacin Mali. A Kidal wani Ba'amurke ɗan Portland, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya kwafe ta daga wayoyin mutane, ya sa ta cikin tarin da ya fitar a faifai a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, sannan ya bi sawun mawaƙan domin ya biya su haƙƙinsu. Daga nan hanya ta buɗe: fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai da aka ɗauka a Agadas ya fito a 2015, Ilana da aka ɗauka a Detroit ya fito a 2019, Afrique Victime a kamfanin Matador a 2021, Funeral for Justice a 2024.

Abin lura shi ne inda aka je aka ɗauki jitar lantarkin da gaske. Situdiyon Sakkwato ya iya murya da fiyano, amma jitar da ke ruri sai da aka kai ta Detroit kafin a kama ta a situdiyo yadda take a dandali. Dalilin yana cikin yadda kayan suke aiki. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo, tsirkiyarta maganaɗisu take girgiza wa, ya mayar da girgizar wuta mai rauni. Amfilifaya tana ƙara wa wutar ƙarfi tana kuma murɗa ta. Daga nan sai akwatin lasifika, wanda yake wa jita aikin da ƙoƙo da fatar guza suke wa goge. Lasifikar jita ba ta fitar da siraran sautuka da suka wuce kusan hertz 5,000, tana tace su, katakon akwatin kuma yana ƙara nasa kauri. In aka jona jita kai tsaye cikin kwamfuta aka murɗa ta babu wannan tacewa, abin da ke fita ƙara ce mai kaifi da ke soke kunne. Hanyar da aka saba ita ce a samu amfilifaya mai kyau, a samu akwati irin na Marshall mai lasifika 4 wanda nauyinsa ya kusa kilo 40, a kafa makirfo irin Shure SM57 a bakinsa, a murɗa sauti sosai cikin ɗakin da aka gyara bangonsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne, kuma gaba ɗayansu suna bukatar wuta tsayayya da maƙwabta masu haƙuri.

Injiniyoyi sun daɗe suna neman yadda za su cusa duk wannan cikin lissafi. A 1998 kamfanin Line 6 ya fitar da POD, wata 'yar jar na'ura mai kwaikwayon amfilifayoyi iri-iri. AmpliTube ta fito daga Italiya a 2002, Guitar Rig daga Jamus a 2004, dukansu manhajoji ne da ke zama cikin kwamfuta. Kwaikwayon amfilifaya ya yi kyau da wuri, kwaikwayon akwati ne ya daɗe yana ba da kunya. Maganin ya zo daga masu auna amon manyan ɗakunan taro da majami'u. Sony ta fitar da na'urar DRE-S777 a 1999, Altiverb ta biyo a 2001, kuma a shekarar 2000 wani malamin jami'ar Parma, Angelo Farina, ya bayyana hanyar awon da akasari ake bi har yau.

Hanyar ba ta da wuyar fahimta. Ana tura wa akwatin wani sauti mai hawa a hankali, daga mafi kauri da kunne ke ji zuwa mafi siriri, wato daga hertz 20 zuwa 20,000. Makirfo yana ɗaukar abin da ya fito. Kwamfuta ta gwada abin da aka tura da abin da ya dawo, ta fitar da bambancin, ta ajiye shi cikin ɗan fayil da tsawonsa bai wuce rabin daƙiƙa ba, sau da yawa ma ƙasa da haka sosai. Wannan fayil shi ne hoton amon akwatin, masu sana'a suna taƙaita sunansa da IR. A cikinsa akwai halin lasifikar, da na katakon, da na makirfon, da nisan da aka ajiye shi, da ɗan abin da bangon ɗakin ya mayar. Duk jitar da aka bi da ita ta cikin fayil ɗin za ta fito da muryar wancan akwati, ko da mai kiɗan yana zaune a Malbaza da abin ji a kunne, akwatin kuma yana Landan. Kamfanin Celestion na Ingila, wanda lasifikunsa suke cikin akwatunan Marshall tun shekarun 1960, da kansa ya fara sayar da irin waɗannan fayiloli a 2017. Na kyauta kuwa sun cika intanet.

Ga saurayin da ke Ƙonni ko Illela, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma wanda ya san halin wuta a yankin zai fi ganin haka. An ƙaddamar da tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza cikin Nuwamban 2018, irinta ta farko a ƙasar, amma kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa a lokacin da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Aka rufe iyaka, a watan Agusta aka yanke layin wutar, ba a sake buɗe ƙofar Ƙonni ba sai Maris na 2024. A irin waɗannan watanni babbar amfilifaya kaya ce kawai a kusurwar ɗaki. Kwamfutar cinya da ɗan katin sauti kuwa faifan sola ɗaya da batir suna riƙe su. Ba a bukatar dakon akwati daga Legas ko Kwatano, ba a biyan kuɗin fito, kuma ana iya aiki bayan sallar isha'i ba tare da an tashi unguwa ba.

Akwai abin da ya kamata ya dami mai kishin kiɗan wannan yanki. Manyan rumbunan fayilolin nan cike suke da Marshall da Fender da Vox da Mesa, akwatunan da aka ƙera don kiɗan Ingila da Amurka, aka auna su a situdiyon can. Yaron da ya koyi jita a bikin Abalak, in ya buɗe kwamfuta, muryar da za a fara miƙa masa ta wani ce. Tana da kyau, babu musu, kuma babu laifi a ara. Amma in kowa ya ari murya ɗaya, za a wayi gari jitar Tawa da ta Birmingham ba su da bambanci sai a yatsu. Abin da ya ja hankalin duniya zuwa kiɗan jihar nan tun farko shi ne bai yi kama da na kowa ba. Kundin farko na Les Filles de Illighadad, 'yan matan wani ƙauye da ke yankin Abalak, a fili aka ɗauke shi, ya fito a 2016: gefe ɗaya jitar Fatou Seidi Ghali, ɗaya gefen kiɗan gargajiya na tende. Sararin wurin yana cikin sautin, kuma shi ne rabin daɗinsa.

Fasahar da ta kawo barazanar ita ce kuma take ba da dama, domin awon ba ya tambayar sunan kamfani. Akwatin da kafintan gari ya ƙera wa mai kiɗan biki, tsohuwar amfilifayar da ta yi shekaru tana yawo a bayan babur, lasifikar ƙaho irin ta masu tallar magani a kasuwa, rediyon kaset mai batir 6, kowannensu ana iya auna shi cikin 'yan mintoci. Haka ɗakuna: zauren ƙasa mai rufin azara yana da amonsa mai taushi, shagon bulo mai rufin kwano yana da nasa mai ƙara, kuma duka biyun suna shiga fayil. Waɗannan kaya suna lalacewa ana jefar da su, zaurukan ƙasa ana rushe su ana zuba siminti, ba tare da an ajiye muryarsu ba.

Awon yana da iyaka. Hoton amo yana kama tacewar akwati, amma ba ya kama tsagewar lasifikar da aka matsa wa fiye da ƙarfinta, domin wannan tana sauyawa da ƙarfin bugu, fayil ɗin kuwa hali ɗaya yake riƙewa. Tsatsar bikin Azawak rabinta daga nan take. Don kama ta akwai wata hanya da ta zo daga baya. Na'urar Kemper ta Jamus, wadda ta fito a 2011, tana sauraron amfilifaya ta kwaikwayi yadda take murɗa sauti, sai dai tana da tsada. Neural Amp Modeler, da Steven Atkinson ya fara a 2019, tana yin irin wannan aiki da koyon inji, kuma kyauta ce ga kowa. Ana kunna wa amfilifayar wani sautin gwaji na 'yan mintoci, a ɗauki amsarta, a bar kwamfuta ta koyi halinta.

Raba abin da aka auna ba matsala ba ne. A 2020, shekarar da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, Sahel Sounds ya riƙa fitar da jerin Music from Saharan WhatsApp wata-wata, waƙoƙin da makaɗa suka ɗauka da salula suka aika ta WhatsApp, ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas ce ta buɗe shi a watan Janairu. Waƙa ɗaya daga cikinsu ta ninka hoton amon akwati nauyi sau da yawa, domin fayil ɗin rabin daƙiƙa bai kai kilobait 100 ba. Mai katin sauti da makirfo ɗaya a Ƙonni zai iya auna akwatunan duk makaɗan garin cikin mako guda, ya rubuta sunan kowane akwati da wanda ya ƙera shi, ya tura wa situdiyon Tawa da Sakkwato da Kano da kuɗin data kaɗan.